Ranar da Injiniya Ya Zubar da Shara

Zalunci iri-iri ne a duniya, amma wanda ya fi ciwo shi ne a halicci mutum da ƙwaƙwalwa irin ta Injiniya, sannan a ajiye shi a layin da babu mai sanin darajarta. Mutumin da ya kwance fankar gidansa, ya mayar da ita, har ƙusoshi suka yi rara, abin da ya nuna tun farko kamfanin ne ya yi almubazzaranci. Mutumin da ya taɓa firijin maƙwabta sau ɗaya tak, ya koma dafa ruwa, wato na'ura ɗaya ta zama biyu. Maimakon a gode masa, sai 'yan layin suka laƙaba masa Ƙaramin Aiki, wai don duk abin da aka nuna masa sai ya taɓe baki ya ce, "Wannan? Ƙaramin aiki ne." Shi dai ya san sunansa Injiniya, kuma da bakinsa ya raɗa wa kansa, don haka babu mai ƙwace masa.

Tun da ma'aikatar da yake wa tsaron sito ta sallami mutane, Injiniya ya koma zaman gida, yana bin matarsa daga ɗaki zuwa kicin yana koya mata yadda ake riƙe tsintsiya. Baiwar Allah ta yi haƙuri har haƙurin ya gaji da ita. Sai ta tafi wurin yayanta, Mai Hoto, wanda ke da shago a bakin layi, ta roƙe shi ya ba mijinta kusurwar nan da babu komai a cikinta sai kwalaye da labule, ya kafa tebur ya riƙa gyaran kwamfuta.

"Gyaran me?" in ji Mai Hoto.

"Kwamfuta, Yaya."

"Shi ɗin?"

"Yaya, ko gyaran jirgin sama ne ka ba shi, in dai zai riƙa fita da safe ya dawo da yamma."

Mai Hoto ya ce zai yi tunani. Injiniya da ya ji an ce tunani, ya san magana ta ƙare. Ya je ya sa aka rubuta masa allo da jan fenti, INJINIYA LIKITAN KWAMFUTA, har da hotonsa a gefe, ya dafe haɓa yana kallon nesa. Kada kuma wani ya ce ba shi da karatun abin. Ya kalli bidiyo a waya kan yadda ake share tarkacen kwamfuta, ya kai har rabi kafin datarsa ta ƙare. Sauran rabin, a ganinsa, maimaici ne da aka yi don masu taurin kai.

Sa'arsa ta zo wata safiya. Kwamfutar shagon ta cika maƙil. Layin da ke nuna wurin ajiya ya yi jawur, ta daina karɓar sabon hoto, in aka danna abu sai ta tsaya tana juya 'yar da'ira kamar wadda aka tsare da tambaya. Ga Mai Hoto zai shiga gari sayo takardar buga hoto, ga mutane a benci suna jiran aikinsu: Mahauci, wanda tumbinsa ke riga shi shiga ɗaki, Mai Aski, wanda tun da ya zo layin ba a taɓa ganin sa babu hula ba, sai Gwaggo Mai Ƙanƙara, wato mai firijin nan da ya koma dafa ruwa.

Injiniya ya shigo da allonsa a hammata, matarsa na biye. Ya leƙa fuskar kwamfutar, ya yi murmushin masana.

"Yaya, ciwon ai a fili yake. Ƙoshi ne ya yi mata yawa."

Mai Hoto ya dubi agogo, ya dubi ƙanwarsa da ta marairaice fuska, ya ja dogon numfashi.

"To, ji nan. Tarkacen wucin gadi kawai za ka share. Ajiyar mutane kada ka taɓa. In na dawo na tarar jan layin nan ya koma shuɗi, kusurwa taka ce. In kuwa..."

"Babu in kuwa, Yaya. Ƙaramin aiki ne."

"To, Allah ya jiƙan kwamfuta," in ji Mai Aski. "Ta yi wa layin nan hidima."

Mai Hoto ya fita yana waiwaye. Matar Injiniya ta matso kusa da kunnen mijinta.

"Baban yara, don girman Allah. In ka ɓata wannan, ban san inda zan sake kai ka ba."

"Ke dai nemi wuri ki zauna," in ji shi. "Yau za ki san wa kike aure."

"Na sani. Shi ya sa nake tsoro."

Abu na farko da ya yi shi ne wangale ƙofar shagon, don aikin ilimi ba a yin sa a ɓoye. Ya tsaya a bakin ƙofa ya yafito masu wucewa, mai faci da tela da direbobin da ke jiran fasinja, har shagon ya cika ana leƙe ta taga. Sannan ya naɗe hannun riga, ya yi gyaran murya.

"Jama'a, kwamfuta kamar gida take. Duk aikin da ta yi sai ta bar ɓawo da guntaye a lungu, ta ce za ta dawo ta ɗauka, ba ta dawowa. Su ne mu masana muke kira fayilolin wucin gadi. Su ne suka toshe mata numfashi."

"Haka ka ce da firijina," in ji Gwaggo. "Ka ce kamar cikin mutum yake."

"Gwaggo, firijinki tsohon yayi ne."

"Da sanyinsa dai ka same shi, ɗan nan."

Injiniya ya yi kamar bai ji ba. Manyan mutane ba sa tsayawa jayayya da masu sayar da ƙanƙara. Ya aika aka ɗauko masa na'urar busar da gashi daga shagon Mai Aski, ya ce kafin a wanke ciki sai an wanke waje. Ya saita bakinta a ramukan bayan kwamfutar, ya kunna. Ƙurar shekaru ta taso ta ɗaya gefen gaba ɗaya, ta sauka a kan Mahauci, wanda ya ci farar riga ranar don zai karɓi hotonsa. Mahauci ya yi atishawar da ta girgiza bencin har Gwaggo ta kusa zamewa.

"Kai, Ƙaramin Aiki! Kwamfuta aka ce ka share ko ni aka ce ka binne?"

"Haƙuri, Sarkin Fawa. Ka ga abin da ke cikinta ke nan. Yanzu ta samu sauƙi."

Kowa ya miƙa wuya ya dubi layin. Jawur.

"Wataƙila ƙurar ba ta cikin lissafi," in ji Mai Aski.

"Wannan share fage ne. Yanzu za a fara tiyata."

Ya zauna a kujerar Mai Hoto, ya kama linzamin kwamfutar da yatsu biyu yana ɗaga ƙaramin yatsa sama. Gaskiya a faɗe ta ko da 'yan layin ba sa so: ya samo foldar tarkacen, kamar yadda mutumin cikin bidiyo ya nuna. Ya zaɓe su duka, ya danna gogewa da ƙarfin da ya sa teburin ya motsa. Kwamfutar ta yi ɗan tunani, sannan ta fito da saƙo cewa wasu fayilolin ana amfani da su, ba za su gogu ba.

"Wa ke amfani da su?" in ji Injiniya, ya juyo yana duban jama'a. "Wa ya taɓa?"

"Mu da ke nan zaune kamar gumaka?" in ji Mahauci yana kakkaɓe riga.

"To ita da wa take? Ni ne a kan kujera, ni ne mai amfani, kuma na ce ban so."

Ya sake dannawa, ta sake ƙi. Ya danna da babban yatsa, ta ƙi. Ya ce da ita kada ta kuskura ta kunyata shi a gaban jama'a. Da ƙyar matarsa ta ce ya danna inda aka rubuta a tsallake, ya ce ai can ɗin zai je dama, ita ce ta riga shi da baki. Tarkacen suka tafi. Jan layin ya ja baya kamar faɗin gashi guda.

"Kun gani?" Ya miƙe tsaye. "Ya motsa!"

"Ina?"

"Matso kusa. Rufe ido ɗaya."

Gwaggo ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin.

"Ni dai ja nake gani. Ko jan ne ya yi haske?"

Wani direba daga taga ya ce shi ya ga ma kamar ya ƙaru. Aka kwashe da dariya. Injiniya ya tsaya yana sosa ƙeya, don daidai nan ne datarsa ta ƙare ranar da ya kalli bidiyon. Daga nan gaba babu malami, sai baiwa. Ya dubi 'yan hotunan nan da suka cika fuskar kwamfutar, waɗanda ake dannawa a buɗe abubuwa, ya ce su ma kaya ne, kaya kuwa nauyi ne. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana jefarwa, har fuskar ta koma fili fetal, babu komai sai hoton wani kwando a kusurwa.

"Kai, wannan sana'ata ce ka ƙwace," in ji Mai Aski. "Ka yi mata aski tas. To nauyin fa?"

Layin bai ko gyara zama ba.

Sai dabara ta faɗo masa, irin wadda ba ta faɗo wa kowa sai shi. Ya sa kwamfutar ta jera masa foldodi daga babba zuwa ƙarami, don ya kama ɓarawon wurin da hannunsa. Jerin ya fito. A can sama, ta fi kowace girma nesa ba kusa ba, ga wata folda mai suna Gwajin Kyamara.

Injiniya ya san ta. Shekara da shekaru, duk ranar da ya ɗinka sabuwar riga ko ya gyara gashin baki, sai ya biyo ta shagon ya ce, "Yaya, zo mu gwada kyamarar nan mu ga ko tana da lafiya." Mai Hoto ya yi ta ɗauka saboda kunyar ƙanwarsa, shi kuma ya hana a goge ko ɗaya, don kowane akwai abin da ya fi ɗan'uwansa. Danna ɗaya a kan foldar nan, layi ya koma shuɗi, kusurwa ta zama tasa. Amma wane irin rashin imani ne mutum ya goge fuska irin wannan da hannunsa? Akwai wanda ya ɗauka da baƙin tabarau. Akwai wanda haske ya sauka a kumatunsa kamar an aiko shi. Ai wannan ba tarkace ba ne, tarihi ne.

Ya ɗora tafin hannunsa a kan gilashin.

"Waccan babbar ta sama fa?" in ji Mahauci. "Ita ce ta cinye wurin. Sare ta."

"A'a, a'a! Wannan jijiyar kwamfuta ce. Aka taɓa ta, sai gawa."

"Me aka rubuta a jiki?" in ji Gwaggo.

"Yaren injiniyoyi ne, Gwaggo, ba zai shiga kanki ba."

Matarsa ta ƙura masa ido, irin kallon da ya sani tun suna amarci. Ya yi maza ya rufe jerin. Idonsa ya sauka a kan ɗan kwandon nan da ya rage shi kaɗai a kusurwa. Ya duba nauyinsa. Ya sake dubawa. Sai ya saki wata dariya ya tafa hannu.

"Jama'a, ku zo ku ga ƙazanta! Kwandon shara ne wannan. Duk abin da aka jefar nan yake taruwa, kuma Yaya tun da ya sayi kwamfutar nan bai taɓa zubar da shi ba. Ya kusa kai rabin cikinta! Mutum da girmansa, da gemunsa, yana kwana da shara!"

"Baban yara, ka buɗe ka ga abin da ke ciki tukuna," in ji matarsa.

"In buɗe shara? Ke in za ki zubar da ta gida, zama kike ki tona?"

"Gaskiyarsa," in ji Mahauci. "Zubar, mu samu a buga mana hotunanmu mu tafi."

"Zubar kawai," in ji Mai Aski.

"Ni ma yau na goyi bayanka," in ji Gwaggo. "Ban son ƙazanta."

Ya danna. Kwamfutar ta tambaye shi ko ya tabbata yana so a goge su har abada.

"Ku ji rashin kunya," in ji Injiniya. "Ni take tambaya ko na tabbata. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa rashin tabbata ba."

Ya danna E. Kwamfutar ta yi ta nishi, ta yi ta nishi, jama'a sun zuba ido. Can sai jan layin ya ja da baya kamar ruwan da aka buɗe wa magudana, ya koma shuɗi shar.

Shagon ya kaure da sowa. Direbobi suka danna hon. Mahauci ya rungume shi har ƙafafunsa suka bar ƙasa, Mai Aski ya ce daga yau ya daina kiran sa Ƙaramin Aiki, Gwaggo ta ce ta yafe rabin maganar firiji. Matarsa kaɗai ce ba ta tafa ba. Injiniya ya ɗaga hannu yana karɓar gaisuwa, ya ce ba komai, baiwa ce, shi ma ba ya sanin lokacin da take zuwa. Aka ɗauki allonsa aka fita da shi, tela ya kawo guduma, mai faci ya hau kujera, ana gardamar inda ya fi dacewa a kafa.

Yana ganin hankalin kowa ya koma waje, sai ya lallaɓa ya dawo kan kujera. Abin da ya faru ɗazu ya tsorata shi. Da Mahauci ya matsa, da yanzu tarihi ya tafi. Tunda ga fili ya samu, hankali ya ce a yi wa foldar nan ta biyu, ko da tsautsayi. Ya kwafe Gwajin Kyamara gaba ɗaya, ya saka a wani lungu, ya bar kwamfutar tana aikinta a hankali, ya fito yana ba da umarnin a ɗaga allon ta hagu.

A haka Mai Hoto ya dawo da kwalin takarda a kafaɗa. Ya ga allo a bangon shagonsa, ya ga taro, ya shiga da sauri. Ya dubi layin, shuɗi. Ya dubi mijin ƙanwarsa kamar yau ya fara ganin sa.

"Kai ka yi wannan?"

"Da hannu ɗaya, Yaya."

"Ba ka taɓa ajiyar mutane ba?"

"Ko kallon ta ban yi ba."

"To, madalla. Na zalunce ka a zuciyata, ka yafe ni. Kusurwa taka ce." Ya ajiye kwalin ya zauna. "Sarkin Fawa, matso in fara da kai."

Ya kai linzami kan kwandon shara, ya danna sau biyu.

Fari fat. Babu ko ɗigo.

Ya rufe, ya sake buɗewa. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya mayar. Sannan ya juyo a hankali.

"Ina kayan cikin kwandon nan?"

"Na zubar, Yaya," in ji Injiniya yana murmushi. "Kuma ba don in kunyata ka ba, amma ka riƙa kula da tsafta."

"Ka zubar."

"Tas."

"Nan nake ajiyar mutane!"

Murmushin ya tsaya a fuskar Injiniya, ya rasa hanyar komawa.

"A... a shara?"

"To ina kake so in ajiye? Kowa ya zo sai ya ja ni gefe ya ce, Mai Hoto, aikin nan sirri ne, kada wani ya gani. Yarana suna taɓa kwamfutar nan, masu jiran hoto suna leƙe. Wuri ɗaya ne na san babu mahaluƙin da zai buɗe. Shekara nawa ina ajiya a nan lafiya lau, sai yau da Allah ya haɗa ni da likita!"

Mahauci ne ya fara fahimta. Ya dafe tumbinsa da hannu biyu.

"Tsaya. Hotona na takarar shugaban 'yan kasuwa? Wanda ka yi sati kana rage min ciki?"

Mahauci ya ji abin da bakinsa ya faɗa, amma ya riga ya fita.

"Au," in ji Mai Aski, "ashe rage shi aka yi? Na ce wannan aikin sai dai zarto."

"Da hoton da zarton duk sun tafi," in ji Mai Hoto cikin ɗaci. "Naka ma yana ciki. Sumar da na dasa maka gashi bayan gashi, don allon shagonka."

Idanu suka koma kan hular Mai Aski. Ya riƙe ta da hannu biyu.

"Suma?" in ji wani direba. "Mai Aski, me ke ƙarƙashin hular nan?"

"Kanka ke ƙarƙashi! Ina ruwanka?"

"Ni ban yi magana ba," in ji Gwaggo, tana gyara mayafi za ta sulale.

"Gwaggo, haƙoranki ma sun tafi," in ji Mai Hoto. "Duka na gaban, da wuyan da na goge miki."

"Wa ya tambaye ka? Wa ya tambaye ka, ɗan nan? Jikokina zan aika wa, laifi ne su ga kakarsu da haƙora?"

Daga nan kowa ya tuna yana da abu a kwandon. Tela ya ce tsawon da aka ƙara masa fa. Mai faci ya ce hasken fatarsa. Wani direba da tun safe yake dariya ya daina, ya tambaya a hankali ko kunnuwansa ma suna ciki. Duk wanda ya buɗe baki don ya yi kuka sai ya tona kansa, na kusa da shi ya fashe da dariya, sannan ya tuna nasa ya kama salati.

"Ku kwantar da hankali!" in ji Injiniya. "Ba su yi nisa ba. Ƙaramin..."

"Ka ƙarasa," in ji Mahauci. "Don Allah ka ƙarasa kalmar nan."

Bai ƙarasa ba. Ya ƙwace linzamin ya yi ta danna komawa baya. Ya karkata kwamfutar gefe ɗaya ya bubbuga ta, ko wani abu ya maƙale. Ya durƙusa ya jawo kwandon roba da ke ƙarƙashin teburin ya zazzage, don a iliminsa duk abin da aka zubar daga sama ƙasa yake zuwa. Ɓawon ayaba ya fito, da guntayen takarda. Babu ciki, babu suma, babu haƙora.

Mai Hoto ya ture shi, ya kira wani mai gyara da ya sani a cikin gari, ya sa wayar a amsa-kuwwa don kowa ya ji.

"Kada ka damu," in ji muryar. "Sau da yawa ana dawo da su. In dai ba a zuba wani abu mai nauyi a kan wurin ba bayan gogewar, suna nan kwance. Kada dai a saka komai."

Jama'a suka sauke ajiyar zuciya. Gwaggo ta ce alhamdulillahi. Injiniya kuwa ya fara duban ƙofa yana auna nisanta.

Kwamfutar ta yi ƙara, ƙil. Saƙo ya fito cewa an gama kwafewa. A gaban idon kowa, shuɗin layin ya cika, ya koma jawur kamar yadda aka same shi da safe.

"An gama kwafe me?" in ji Mai Hoto.

Matar Injiniya ta taso daga inda take, ta karɓi linzamin daga hannun yayanta, ta buɗe foldar da aka ce jijiyar kwamfuta ce.

Injiniya ya cika fuskar kwamfutar. Injiniya da tabarau. Injiniya ya dafe haɓa. Injiniya yana waya da wayar da ba a kunna ba. Injiniya ya jingina da motar da ba tasa ba. Injiniya ta gefen dama, Injiniya ta gefen hagu, Injiniya yana dariya, Injiniya yana tunanin duniya. Ta yi ta gangarawa ƙasa, fuskar ba ta ƙarewa, kuma yanzu kowace ta zama biyu.

"Wannan ce jijiyar?" in ji Mahauci.

"Yaren injiniyoyi," in ji Gwaggo. "Yau na iya karanta shi."

"Wato haƙoran tsohuwa aka zubar don a ajiye gashin bakin nan sau biyu," in ji Mai Aski.

Injiniya ya miƙe, ya gyara wuyan riga. Ko a wannan hali bai rasa abin faɗa ba.

"Ku duba da idon basira. A duk layin nan, hotona ne kaɗai ba a yi wa gyara ba."

"Yanzu za a yi masa," in ji matarsa.

Ta zaɓi foldodin biyu. Kwamfutar ta tambaya ko ta tabbata.

"Uwar yara," in ji shi da wata ƙaramar murya, "ko na tabarau ɗin nan kaɗai..."

"Tun da na aure ka," in ji ta, "yau ne na fara tabbata."

Ta danna. Layin ya koma shuɗi, shuɗin da ba a taɓa gani ba a shagon nan.

Hotunan mutane dai ba su dawo ba, sai da aka sake ɗaukar kowa daga farko. Mai Hoto ya ce shi mutum ne mai cika alkawari: layi ya yi shuɗi, don haka kusurwa ta Injiniya ce. Sai dai a kusurwar ne ake rataya labulen da ake tsayawa a gabansa a ɗauki hoto, kuma ƙusoshin labulen da su aka kafa allon likita a waje. Saboda haka aikin Injiniya shi ne ya tsaya a bayan labule, ya ɗaga shi sama da hannu biyu, tun safe har yamma, kada ya motsa, kada ya leƙo. Mahauci ya zo ya shanye ciki har idonsa ya yi ja. Mai Aski ya sa aka rufe ƙofa kafin ya cire hula, duk da cewa babu wanda bai sani ba. Gwaggo ta ce a bar ta da bakinta yadda yake, jikokin su yi haƙuri. Duk wanda ya zauna sai ya ce, "Likita, ɗaga sama kaɗan," labulen ya amsa da tsaki.

Allon yana nan a bango, sai dai wani mara tsoron Allah ya goge kalmar ƙarshe ya rubuta LABULE. Matarsa kuwa ta samu abin da ta roƙa: yana fita da safe, yana dawowa da yamma, hannuwansa sun yi tsamin da ba zai iya nuna mata yadda ake riƙe tsintsiya ba.

Amma duk wanda ya zaci an karya Injiniya bai san shi ba. In ka shiga kowane gida a layin nan, ka dubi hoton da ke rataye a falo, can sama inda labule ya ƙare, za ka ga kan yatsu takwas sun leƙo. Yakan tsayar da baƙi ya nuna musu.

"Ka ga wannan? Ni ne. Babu gidan da ba a rataye ni ba."